Horar da Shugabanni da Malaman Jami'a Domin Tsare Ɗalibai Daga Cututtuka Masu Yaɗuwa

Manufar Darasi

Darasin wannan fitowa yana da manufa uku. Ta ɗaya, a gane dalilin da ya sa cuta mai yaɗuwa take samun wurin zama a jami'a. Ta biyu, a san irin horon da ya kamata shugabanni, malamai da ma'aikatan jami'a su samu tun kafin annoba ta zo. Ta uku, a nuna wa iyaye abin da ke hannunsu, da tambayoyin da suke da hakkin yi wa makarantar da suka danƙa wa 'ya'yansu.

Gabatarwa

Sa'ad da yaro ya sami shiga jami'a, gida yakan cika da murna. A sayar da hatsi ko akuya, a biya kuɗin makaranta, a sayi katifa da bokiti, a ɗaure masa gari da ƙuliƙuli. Uba ya gargaɗe shi a kan miyagun abokai, uwa ta ja masa kunne a kan yawon dare. Amma da wuya a ji wanda ya tambaya: idan zazzaɓi ya kama yaron nan da ƙarfe 2 na dare, wa zai fara ganinsa, kuma shin wannan mutum ya san abin da zai yi?

A ɗauki misali. A ce a watan Maris ne, makon jarrabawa, ana tsananin zafi. Ran Litinin wani ɗalibi ya tashi da ciwon kai da zazzaɓi. Abokin ɗakinsa ya sayo masa maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis. Ran Talata ya soma amai, wuyansa ya sandare, ba ya iya duban haske. Duk da haka ya ja jiki ya shiga ɗakin jarrabawa, gama malamin ya riga ya faɗa cewa wanda bai zo ba ya faɗi. Mai lura da jarrabawar ya gan shi kife a kan tebur, ya zaci rashin barci ne. Da dare abokansa suka taru a ɗakin suna yi masa addu'a. Da asuba ya fita hayyacinsa, aka ruga wurin mai kula da ɗakunan kwana, shi kuwa ba shi da lambar direban motar asibiti.

Mutum nawa ne suka ga wannan ɗalibi cikin kwana biyu? Abokin ɗaki, malami, mai lura da jarrabawa, abokan zumunta, da mai kula da ɗakunan kwana. Babu mugu a cikinsu, babu kuma wanda ya ƙi shi. Abin da suka rasa shi ne horo. Da ɗaya daga cikinsu ya san cewa zazzaɓi da sandarewar wuya alamun sanƙarau ne, cutar da ke iya kashe mutum cikin awa 24, da tun ran Talata an kai shi asibiti.

Me Ya Sa Jami'a Take da Hatsari?

Jami'a gari ne guda, amma gari ne da ba shi da irinsa. Abubuwa huɗu ne suka bambanta ta.

Na fari, cunkoso. A jami'o'in gwamnati da yawa, ɗakin da aka gina domin mutum huɗu yakan ɗauki ninkin haka, domin ɗalibai sukan sauki abokansu da ba su sami gado ba. Ɗakin lacca kuwa yakan cika har wasu su tsaya a bakin taga. Cututtukan da ke bin numfashi ba su neman abin da ya fi wannan.

Na biyu, gamuwar mutane daga nesa. A ɗaki ɗaya za a sami wanda ya zo daga Ondo, da na Yobe, da na Taraba. Kowa ya zo da abin da ke yankinsa, a ƙarshen zango kuma kowa ya koma gida da abin da ya ɗauka. Saboda haka cutar da ta shiga jami'a tana da hanyar isa jihohi goma cikin kwana ɗaya.

Na uku, ruwa da abinci na haɗaka. Dubban mutane suna sha daga tanki ɗaya, suna ci a rumfuna guda. Idan bututun ruwa ya fashe kusa da ramin masai, ba mutum ɗaya zai kwanta ba.

Na huɗu, halin ƙuruciya. Matashi yana ganin kansa da ƙarfi, yakan raina ciwo, ga kuma tsoron rasa jarrabawa da ƙarancin kuɗi. A gida uwa takan lura idan yaro bai ci abinci ba. A makaranta kuwa babu mai wannan ido, sai fa idan an koya wa wani ya zama shi.

Cututtukan da Ya Wajaba a Sani

Sanƙarau. Arewacin Nijeriya yana cikin yankin da ake kira ɗamarar sanƙarau, wanda ya haɗa ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha. Cutar takan tashi da rani, musamman lokacin hunturu da bazara. A 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 wata annoba ta soma daga Zamfara, aka ƙidaya fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 kuma suka mutu. A watan Maris 2025 ta sāke ɓarkewa a ƙananan hukumomin Aliero, Gwandu da Jega na Jihar Kebbi. Alamunta su ne zazzaɓi na farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sandarewar wuya, amai, ƙin haske da ruɗewa. Tana da magani idan an yi hanzari, amma ko cikin waɗanda suka warke, kusan ɗaya cikin biyar yakan fita da lahani irin su kurumta. Akwai rigakafi: a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, wadda ke kariya daga iri biyar na ƙwayar cutar.

Zazzaɓin Lassa. Ana ɗaukarsa daga fitsari da kashin wani irin ɓera mai nonuwa da yawa, idan sun taɓa abinci, ana kuma ɗaukarsa daga jini da sauran ruwan jikin majiyyaci. Yakan ɗauki har kwana 21 kafin ya bayyana, kuma farkonsa kamar zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Babbar alamar gargaɗi ita ce zazzaɓin da ya ƙi jin maganin da aka saba. Ya fi yawa da rani, jihohin Ondo, Edo, Bauchi, Taraba da Ebonyi kuma suna cikin waɗanda suka fi fama da shi. Ɗakin ɗalibai mai buɗaɗɗen buhun gari a ƙarƙashin gado da shara a bayan taga, gidan ɓera ne.

Kwalara. Wannan ta ruwa ce da abinci marar tsabta, ta fi tashi da damina. A 2021 an ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, sama da 3,500 suka rasu. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa tana iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin 'yan awoyi. Abin tausayi shi ne, ruwan gishiri da sukari da aka ba da da wuri yana ceton akasarin masu ita.

Tarin fuka. Ba ya zuwa da hayaniya, shi ya sa yake da hatsari. Ɗalibi zai iya yin watanni yana tari a ɗaki marar iska, abokansa suna shaƙa. Duk tarin da ya kai mako biyu, musamman idan akwai rama da gumin dare, a gwada shi. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin kuma yakan ɗauki wata shida.

Mashaƙo. Annobarsa ta tashi a Nijeriya daga ƙarshen 2022, Jihar Kano ce ta fi jin jiki. Alamunsa ciwon maƙogwaro, kumburin wuya da farar fata mai kauri a cikin maƙogwaro. Ya fi kama waɗanda ba su kammala allurar rigakafin yara ba, kuma akwai irinsu a cikin ɗaliban jami'a.

Abin da Tarihi Ya Koyar

A watan Janairu 1969, wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, a cikin Jihar Borno ta yanzu. Aka kawo ta asibitin mishan na Jos, wanda aka sani da Evangel, a can ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, an kai ta birnin New York na Amurka, ta rayu. A 1970 cutar ta sāke ɓulla a wannan asibiti, Dakta Jeanette Troup kuma ta rasu bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa. Waɗannan mata ƙwararru ne masu ƙaunar aikinsu, amma a lokacin ba a san cutar sosai ba, balle hanyar kauce mata. Yanzu an san ta. Wannan asibiti shi ne ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, inda ake horar da ɗaliban likitanci. Duk wanda ya kamu da Lassa a yau domin ba a koya masa sa safar hannu ba, ba rashin sani na duniya ne ya cuce shi ba, sakacin masu horo ne.

A ranar 20 ga Yuli 2014, wani matafiyi daga Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas ɗauke da Ebola. Dakta Stella Ameyo Adadevoh ta yi zargin cutar, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ita kanta ta kamu ta rasu. Amma jami'an lafiya suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana duba kowannensu har kwana 21. Mutum 20 ne kawai suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, a ranar 20 ga Oktoba 2014 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar. A cikin wannan lokaci ne jita-jita ta bazu ta wayar hannu cewa shan ruwan gishiri da wanka da shi yana kare mutum, har aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. Darasi uku ke nan: mutum ɗaya mai horo da ƙarfin hali yana iya tsare birni, bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da majiyyaci shi ne ke yanke annoba, jita-jita kuma tana kisa kamar cutar.

Sai korona. An tabbatar da mutum na farko a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, a watan Maris kuma aka rufe makarantu. Ga yajin aikin malaman jami'a wanda ya kai har Disamba, don haka yawancin jami'o'in gwamnati ba su koma aji ba sai farkon 2021. A lokacin ne aka ga cewa da yawansu ba su da tsarin ci gaba da koyarwa idan an rufe ƙofa. A watan Yuli 2021 Jami'ar Legas ta sallami ɗalibai daga ɗakunan kwana saboda ƙaruwar masu cutar, ta mayar da lacca ta intanet. An janye dokar gaggawa ta duniya a kan korona a watan Mayu 2023, amma tambayar da ta bari tana nan: idan wata ta zo, wa ya shirya?

Horon Shugabanni

Shugaban jami'a, magatakarda, ma'aji, shugaban harkokin ɗalibai da daraktan asibitin jami'a ba duka ne likitoci ba, ba kuma a bukatar su zama. Aikinsu yanke shawara ne, kuma a kan wannan za a horar da su.

Da fari, su kasance da rubutaccen shiri mai ɗauke da muƙamai da lambobin waya: wa ake kira da dare, wa ke da ikon fitar da kuɗi, wa ke magana da iyaye, wane asibiti za a kai majiyyaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamitin da aka kafa bayan mutum uku sun mutu, kwamitin ta'aziyya ne.

Na biyu, su san hanyar kai rahoto. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido a kan cututtuka. Daga wurinsa rahoto yake tafiya ma'aikatar lafiya ta jiha, daga nan zuwa Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, wato NCDC, wadda aka kafa a 2011, aka ba ta doka a 2018, tana kuma da lambar kira kyauta, 6232. Cututtuka irin su Lassa, kwalara, sanƙarau da mashaƙo, ko mutum ɗaya ake zargi, nan take ake kai rahotonsa ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. Ya kamata daraktan asibitin jami'a ya san jami'in ƙaramar hukumarsa ido da ido tun ana zaman lafiya.

Na uku, su koyi faɗin gaskiya da wuri. Jarabar da ke gaban kowane shugaba ita ce ya ɓoye labari domin kare sunan makaranta. Amma a zamanin wayar hannu labari ba ya ɓoyuwa, sai dai ya fita a karkace. Sanarwa gajeriya a kullum, daga baki ɗaya, mai faɗin mutum nawa ne suka kamu, abin da ake yi, da abin da ɗalibi zai yi idan ya ji alama, ita ce ke hana gudu da firgici. Ba a ambaton sunan majiyyaci.

Na huɗu, su ɗauki ruwa, masai da shara a matsayin sha'anin lafiya, ba na gyare-gyare kawai ba. A 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi sawun kwalara a birnin Landan har zuwa famfo guda, aka cire hannun famfon. Aikin nan bai canja ba. A riƙa gwada ruwan tankuna, a sa sinadarin kulorin, a kwashe shara a kan kari, a duba lafiyar masu sayar da abinci. Ma'ajin da ya jinkirta kuɗin gyaran bututu ya yanke shawara a kan lafiyar ɗalibai, ko bai sani ba.

Na biyar, a ware ɗaki na keɓe majiyyaci mai bayan gida nasa, tare da safar hannu, takunkumin fuska, sabulu da ruwan gishiri da sukari, a kuma ajiye kuɗin gaggawa da za a iya taɓawa ba tare da dogon zama ba.

Shawara Mai Wuya: A Rufe ko Kada a Rufe?

Da zarar an ji ɗalibi ya mutu, iyaye sukan soma kira a rufe makaranta. Wannan tsoro ne na ƙauna, amma ba kullum ne rufewa take zama mafita ba. Idan aka sallami dubban ɗalibai cikin gaggawa, wasunsu suna ɗauke da cutar ba su sani ba. Za su cunkusa a motocin haya, su sauka a ƙauyukan da ba su da likita, su kwana ɗaki ɗaya da ƙannensu. Wanda ake sa wa ido har kwana 21 saboda Lassa, idan ya tafi, an rasa shi ke nan.

Saboda haka horo yana koya wa shugabanni su yi la'akari da irin cutar. Idan kwalara ce, a nemi ruwan da ya gurɓace a rufe shi, a kawo mai tsabta. Idan sanƙarau ne, a ba abokan ɗaki da na kusa maganin kariya bisa umarnin likita, a rage cunkoso, a nemi allurar rigakafi ta hannun jiha. Idan Lassa ce, a rubuta sunayen duk waɗanda suka taɓa majiyyacin, a riƙa auna zafin jikinsu kullum. Akwai lokacin da rufewa takan zama dole, kamar idan ruwa ya yanke gaba ɗaya ko asibiti ya cika. Ko a nan ma, da shawarar hukumomin lafiya za a yi, a sallami ɗalibai kashi kashi, kowa da takardar da ke bayyana alamun da zai lura da su.

Horon Malamai

Malami ne ke ganin ɗalibi sau da yawa a mako. Ba a neman ya gano cuta, ana neman ya gane alamar hatsari ya tura asibiti nan da nan. Alamun su ne: zazzaɓi da sandarewar wuya ko ruɗewa, gudawa mai ruwa ba ƙaƙƙautawa, zubar jini ba dalili, wahalar numfashi, ƙuraje tare da zazzaɓi, da dogon tari. Haka kuma idan ɗalibai uku ko huɗu daga gini ɗaya suka yi fashi a rana guda, wannan labari ne da ya kamata asibitin jami'a ya ji.

Rajistar aji, wadda ake ɗauka domin horo kawai, ita ce takardar farko da masu bin sawun cuta za su nema. Malamin da ya san wa ya zauna a ɗakin jarrabawa ran Talata ya sauƙaƙa musu aikin kwanaki.

Akwai kuma batun doka. Muddin rashin zuwa jarrabawa yana nufin maimaita shekara, ɗalibi marar lafiya zai ɓoye ciwonsa ya zo, ya zauna tsakanin ɗaruruwa. Ya kamata majalisar jami'a ta tsai da ƙa'ida bayyananniya cewa duk wanda asibitin jami'a ya ba shaida za a shirya masa jarrabawarsa daga baya, a kuma tabbatar kowane malami yana bin ta. Tsoron cewa wasu za su yi ƙaryar ciwo gaskiya ne, amma maganinsa shi ne tantance shaidar, ba tilasta wa majiyyaci fitowa ba.

Malaman likitanci, jinya, dabbobi da ɗakunan gwaji suna da ƙarin nauyi, gama su ne ke tura ɗalibai kusa da jini da allura. Kada ɗalibi ya shiga ɗakin majiyyata ba tare da ya kammala allurai uku na rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, ba kuma tare da an koya masa wanke hannu, sa safar hannu, da abin da zai yi idan allura ta soke shi ba.

A ƙarshe, malami ya koyi riƙe asiri. Ɗalibin da ya warke daga tarin fuka ko Lassa yakan dawo cikin tsangwama. Kalma ɗaya ta ba'a daga bakin malami ta isa ta sa na gaba ya ɓoye nasa ciwon.

Waɗanda Ake Mantawa da Su

Masu kula da ɗakunan kwana, masu shara, masu gadi, direbobi da masu sayar da abinci su ne na farko a wurin, su ne kuma na ƙarshe da ake gayyata taron bita. Mai shara ne ke goge amai, mai gadi ne ke buɗe ƙofa da tsakar dare. A horar da su da harshen da suka fi ji, a aikace, a ba su kayan kariya. Haka kuma dubban ɗalibai suna haya a unguwannin da ke kewaye da jami'a, kamar Samaru a Zariya. Shirin da bai haɗa da masu unguwa, masu gidajen haya da masu kemis na wurin ba, rabin shiri ne.

Limaman majami'u da na masallatan jami'a, tare da shugabannin zumuntar ɗalibai, suna da murya da ɗalibai ke ji fiye da ta sanarwar hukuma. Sau da yawa su ake fara kira idan wani ya kwanta. A koya musu cewa addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne: a kai majiyyaci asibiti tukuna, a ci gaba da addu'a a hanya da bakin ƙofa. A lokacin annoba kuma su san yadda za su rage cunkoson taro, su buɗe tagogi, su sa ruwa da sabulu a ƙofa, su kuma ƙaryata jita-jita a gaban jama'a.

Yadda Za a Gudanar da Horon

Horo ba taron yini ɗaya ba ne da za a raba jaka da takardar shaida a watse. A jami'o'in tarayya shugaba yana yin zango ɗaya ne na shekara biyar, shugabannin sassa sukan sauya kafin nan, na ɗalibai kuwa duk shekara. Don haka a maimaita shi kowace shekara, sau ɗaya kafin rani, sau ɗaya kafin damina.

Hanya mafi amfani ita ce gwaji. A tara shugabanni a tebur guda, a karanta musu labari irin na farkon wannan darasi, a tambayi kowa abin da zai yi a awa ta farko. A kira lambobin da ke cikin shirin a ga ko suna shiga. A tayar da motar asibiti a ga ko akwai mai. A auna mintoci nawa ake ɗauka daga ɗakin kwana mafi nisa zuwa asibiti. A nan ne ɓaraka take fitowa ba tare da an yi asarar rai ba.

Masu koyarwa ba su da nisa. Jami'o'i da yawa suna da sashen lafiyar al'umma. Tun 2008 Nijeriya take da shirin horar da masu binciken annoba a fili, kuma waɗanda suka fito daga cikinsa suna aiki a jihohi. Cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede ta taimaka wajen gano Ebola a 2014, ita ce kuma ta fara karanta tsarin ƙwayar korona a Afirka a watan Maris 2020. Ilimin yana cikin jami'o'in ƙasar nan. Abin da ya rage shi ne ya sauko daga ɗakin bincike zuwa ofishin magatakarda da ƙofar ɗakin kwana.

Abin da Ke Hannun Iyaye

Kafin yaro ya tafi, a duba katin rigakafinsa, a tambayi cibiyar lafiya ko akwai abin da ya rage. A tabbatar ya yi rajista a asibitin jami'a. Akwai shirin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu, wato TISHIP, kuma a makarantu da yawa kuɗinsa yana cikin abin da aka riga aka biya. A ba shi mazubi mai murfi domin gari da sauran abinci. A koya masa haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A karɓi lambar abokin ɗakinsa. A faɗa masa a fili cewa ransa ya fi kowace jarrabawa, gama yara da yawa suna ɓoye ciwo ne domin tsoron ɓata kuɗin da aka kashe a kansu. Idan ya dawo hutu da zazzaɓi, a gaya wa likita inda ya fito.

Iyaye kuma su yi tambaya a taron sababbin ɗalibai: Asibitin yana buɗe da dare? Yaushe aka gwada ruwan sha? An horar da masu kula da ɗakunan kwana? Mene ne dokar jarrabawa ga marar lafiya? Ikilisiyoyin da suka mallaki jami'o'i da kwalejoji suna da wakilai a hukumomin gudanarwarsu, kuma waɗannan tambayoyi ne da ya dace su kai teburin taro.

Tambayoyi Domin Tattaunawa a Iyali

1. A cikin misalin gabatarwa, a wane mataki ne aka fi samun zarafin ceton ɗalibin, kuma wa ke da wannan zarafi?
2. Waɗanne alamu ne za su sa a kai mutum asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba?
3. Me ya sa sallamar ɗalibai cikin gaggawa take iya ƙara yaɗa cuta?
4. Wane abu ne a maganganun iyaye zai iya sa yaro ya ɓoye ciwonsa a makaranta?
5. Me shugabannin zumuntar ɗalibai za su yi idan aka kira su wurin majiyyaci da dare?

Kammalawa

Kowane ɗalibi da ke kwance a ɗakin kwanan jami'a amana ce daga wani gida. Cututtukan da aka ambata a nan duk an san su, an san hanyarsu, yawancinsu kuma suna da magani ko rigakafi. Abin da ke raba wanda ya rayu da wanda ya rasu sau da yawa awoyi kaɗan ne, waɗannan awoyi kuwa suna hannun mutanen da ba likitoci ba: malami, mai gadi, abokin ɗaki, shugaban da ke riƙe da sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bari kowace jami'a ta horar da mutanenta tun rani bai shigo ba, kowane gida kuma ya zauna da ɗansa ko 'yarsa a kan waɗannan abubuwa kafin a koma makaranta.